Ziyara Birnin Dikko: Inda Allura Ke Ƙulla Zumunci

A wannan watan ina so ki yafa mayafinki ki biyo ni birnin Katsina, ta Dikko ɗakin kara. Na san an sha kai ki Katsina a rubuce, an nuna miki Gobarau da Ƙofar Soro da dawakin hawan Sallah. Mu ma za mu gan su, amma a kan hanya, domin inda na nufa da ke yana can cikin lunguna, bayan zaure, inda mata ke zama bayan azahar kowace da allura a hannu da hula ko zanen gado a cinya, ana ɗinki ana hira. A nan ake ƙulla irin ƙawancen da nake so in ba ki labarinsa.

Hanya da ƙofofi

Idan daga Kano kika taso, tafiyar kilomita 170 ce ko da 'yan kai. Za ki wuce Bichi da Tsanyawa, ki ratsa Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya da Caranci, sannan ki shigo gari ta Ƙofar Ƙaura. Katsina gari ne na ƙofofi, kuma kowace ƙofa da inda ta dosa. Ƙofar Ƙwaya ce ke kai ki Dutsinma, Ƙofar 'Yandaka ta nufi Batsari, Ƙofar Guga kuwa ita ce hanyar Jibiya har ki tsallaka zuwa Maraɗi. Akwai kuma Ƙofar Sauri da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa. Ki riƙe sunayen nan, don matan da za mu tarar a gaba kowace ta wata ƙofar ta shigo garin.

Ganuwar da ta haɗa ƙofofin nan yawancinta ruwan sama da gine-gine sun cinye, sai ɗan tudu nan da can. Amma girman filin da ta kewaye ya isa ya gaya miki ko wace ce Katsina a da. Lokacin da Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya iso garin a 1851, ya tarar da yawancin cikin ganuwar fili ne da gonaki, domin bayan jihadi fatauci ya karkata zuwa Kano. Kafin nan kuwa ayarin raƙuma daga Agadas da Gadamas da Tarabulus a Katsina suke sauke kaya. Cikin kayan da suke kawowa akwai alharini, wato jan silikin nan da ake yi wa manyan riguna ado da shi.

Daga Ƙofar Ƙaura ki miƙe cikin gari har filin Kangiwa, gaban Gidan Korau, fadar da Mai Martaba Sarkin Katsina Alhaji Abdulmumini Kabir Usman ke zaune tun 2008. Kaɗan daga nan sai hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kamar mita 15, wadda ake danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Idan kina da sarari ki leƙa tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu ta zama gidan tarihi.

Akwai wani suna da nake so ki tsaya a kansa. Ɗaya daga cikin manyan waliyyan Katsina na ƙarni na 17 shi ne Wali Ɗan Marina. Da Larabci ana ce masa Ibnus Sabbag, ma'ana ɗan mai rini. A maƙabartar da ke ɗauke da sunansa aka binne marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Kin ga ke nan garin da babban malaminsa ke amsa sunan marina, ilmi da tufa sun daɗe suna zaune gida ɗaya a cikinsa.

Aikin da ya fito daga zaure ya shiga tsakar gida

A da, ɗinkin ado na babbar riga aikin maza ne, musamman malamai da almajirai. Hannun da ya saba da alƙalami da zayyana shi ne ke zana riga, sannan a zauna a zaure ko gindin bishiya a yi wata da watanni ana cikewa. Idan Maigida na da riga ta aikin hannu, ki ɗauko ta ki shimfiɗa ki duba. A gefen aljihu za ki ga wasu dogayen tsinaye suna kallon ƙasa, su ne asake, daga gare su aka sami sunan aska biyu da aska takwas. A ɗaya gefen ƙirji da kuma baya za ki ga wani zagaye kamar an naɗe igiya, shi ne tambari. Zaren da aka fi daraja shi ne tsamiya, silikin ƙasarmu, wanda ake samu daga gidan wasu tsutsotsi da ke taruwa a jikin itacen tsamiya. A dafa gidan da ruwan toka, a wanke, a kaɗa shi kamar auduga. Shi ya sa launinsa ke fita ƙasa-ƙasa mai sheƙi, kuma riga ta tsufa shi bai tsufa ba.

Mata kuwa nasu fagen kaɗi ne da saƙar zane da kayan ɗakin amarya. Sannu a hankali, da kaɗin hannu ya ja baya saboda zaren kamfani da yadin kanti, sai mata suka karɓi allura. Suka fara da zanen gado da rigar filo masu furanni, suka shiga ɗinkin hula, wasu har babbar riga. A birnin Zariya abin ya bunƙasa har aka kafa ƙungiyar mata masu ɗinkin hannu da sunan Sarauniya Amina a 1994. A Katsina ma, duk unguwar da kika shiga cikin gari, ko Masanawa ko Gambarawa ko Yarinci ko Rafindaɗi, da wuya ki ƙirga gida goma ba ki sami mai ɗinkin hula ba.

Kafin mu shiga gida bari mu biya kasuwa, don daga nan aikin ke farawa. A rumfunan masu zare za ki ga ƙulle-ƙulle rataye kamar bakan gizo, kowane launi da lambarsa. Mai hula zai yanka farin ƙyalle gida biyu, dogo na jiki da zagayayye na kai. Daga nan sai mai zane ya fitar da fasali. Sannan a haɗa da zare a aika wa mace cikin gida. Ita ce za ta zauna ta bi zanen nan ɗigo-ɗigo har farin ƙyallen ya ɓace. Hula mai sauƙi takan ci kwanaki, mai cikakken aiki kuwa makonni, wata ma ta haura wata, gwargwadon ƙanƙantar ɗinkin da hidimar gidan da ke kanta. In ta gama sai a haɗa kai da jiki, a kai wa masu wanki su sa sitaci, su ɗora a kan icce su goge har ta tsaya ƙyam. Ƙube da damanga da zanna bukar duk haka suke bi, ita zanna ana danganta sunanta da Zanna Bukar Dipcharima, ministan Jamhuriya ta Farko ɗan Barno.

Saboda haka, 'yar'uwa, hular da kike goge wa Maigida ranar Juma'a ta ratsa hannu biyar ko shida kafin ta zo gidanki, kuma hannun da ya fi daɗewa da ita na mace ne.

Tabarmar Gwaggo

Gidan da zan kai ki yana wani lungu da mota ba ta shiga. Za ki yi sallama a zaure, ki ratsa soro, ki fito tsakar gida mai bishiyar dalbejiya. Mai gidan tsohuwa ce da kowa ke ce wa Gwaggo, ta haura shekara sittin, ta koyi allura tun tana budurwa a wajen kishiyar mahaifiyarta. Ba ƙungiya suke da ita ba, babu shugaba babu rajista. Ranar Litinin da Laraba da Asabar, in an sauke tukunyar rana yara sun tafi makarantar allo, sai mata bakwai ko takwas su hallara da izinin mazajensu, kowace da ledarta. Biyu daga cikinsu ɗalibaina ne a ajin matan aure, ta nan na san wurin, har ni ma na sami gefen tabarma.

Ki dube su da kyau. Ga Maman 'Yan Biyu, haifaffiyar cikin gari, mai bakin barkwanci, wadda da kuɗin hula ta yi wa babbar 'yarta gado da katifa. Ga Amarya, wadda aure ya kawo daga Maraɗi. Takan ce ita ba baƙuwa ba ce, gida ta dawo, tunda Katsinawan da suka bar birni bayan jihadi su suka kafa Maraɗi, har yau sarkinsu Sarkin Katsina ake ce masa. Ga wata ɗalibar kwalejin ilmi da kowa ke kira Auta, ita ce mai babbar waya. Ga kuma wata mai shiru-shiru a ƙarshen tabarma, wadda ta shigo ta Ƙofar 'Yandaka da 'ya'ya huɗu da ƙullin kaya bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu, suka kashe mata miji. Gwaggo ce ta gan ta a gidan maƙwabta tana wankau, ta ce mata, "Ɗiyata, hannun nan naki bai yi kama da na wanki kaɗai ba, zo ki zauna kusa da ni." Tun ranar ake kiranta Ɗiyar Gwaggo.

Ki lura da abin da ɗinki ke yi wa hira. Ido na kan ƙyalle, ba mai kallon fuskar wata, don haka maganar da ke da nauyi a baki sai ta fito da sauƙi. A kan tabarmar nan na ji mace ta faɗi ɓarin da ta yi wanda ko mahaifiyarta ba ta sani ba. A nan aka shawo kan wata da ta yi niyyar yaji. A nan ake sanin wace ce tukunyarta ba ta hau wuta ba jiya, ba tare da ta buɗe baki ta roƙa ba, sai dai da magariba a ga yaro ya shiga gidanta da kwano a rufe. Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake. Ga macen da hidimar gida ta ɗaure, ƙafar ba ta da nisan zuwa, amma lungu ɗaya ya ishe ta in akwai inda za ta zauna a karɓe ta.

Suna da adashe na mako-mako, suna da rancen zare. In shuɗinki ya ƙare ana tsakiyar aiki, ta kusa da ke za ta warware nata ta ba ki, ki mayar ranar da kika aika kasuwa. Kuma suna da doka ɗaya da Gwaggo ta kafa: ba a kushe aikin mace a bayan idonta. In ɗinkinki ya karkace, a gabanki za a faɗa, a nuna miki inda za ki warware.

Baƙon ɗinki daga Japan

Wata Laraba Auta ta zo da wani bidiyo a wayarta. Wasu tsofaffin mata ne a ƙasar Japan zaune kewaye da tebur, suna bin shuɗin ƙyalle da farin zare, ɗinki ƙanana a jere kamar an shuka shinkafa. Wayar ta zaga hannu-hannu. Da ta iso wajen Gwaggo sai ta matso da ita kusa da ido, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Mi kika ce sunan garin nasu? Ai waɗannan mutanenmu ne. Wannan baƙin marina ne, wannan kuma faci ne aka yi wa kwalliya."

Gwaggo ba ta yi kuskure ba. Sunan ɗinkin sashiko, kuma asalinsa na talakawa ne, manoma da masunta, musamman a arewacin Japan inda sanyi ke da tsanani. A zamanin da suke kira Edo, daga 1603 zuwa 1868, tufa na da tsada ƙwarai, a wasu yankunan ma an hana manoma sa kayan auduga. Sai matansu suka riƙa haɗa tsofaffin ƙyallaye da aka rina da baba, suna bin su da zare don su yi kauri su tare iska, su kuma daɗe. Daga faci abin ya zama ado, aka sami zane-zane masu suna, wani kamar igiyar ruwa, wani kamar ganyen rama. Yawancinsu layuka ne da kusurwoyi kamar na hularmu, babu surar mai rai, shi ya sa suka kwanta wa matan a rai nan take.

Japanawa na da wani ɗinkin kuma na masu hali, wanda ake yi da zaren siliki da na zinariya a kan tufarsu ta gargajiya mai suna kimono. Ana ɗaure yadin a kan katako ya miƙe, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa suna miƙa wa juna allura. Mafi tsufan aikin da ya rage musu an yi shi ne bayan rasuwar wani yarima mai suna Shotoku a shekarar 622. Matarsa ce ta sa matan fada suka ɗinka don tunawa da shi, kuma guntayensa na nan ajiye a birnin Nara. A 1970 wani gwani mai suna Iwao Saito ya kafa makarantar koyar da wannan sana'a, a 1989 kuma aka buɗe cibiyarta a birnin Atlanta na Amurka, inda mata daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa su koya, su rabu da ƙawaye.

Amma labarin da ya sa tabarmar ta yi tsit shi ne na wani gari mai suna Otsuci a gaɓar tekun arewa maso gabashin Japan. Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa ta tayar da igiyar teku, ruwa ya share yawancin garin. Waɗanda suka tsira aka tara su a sansanoni. Maza na fita aikin kwashe ɓaraguzai, mata kuwa, musamman tsofaffi, suna zaune babu madafi babu gona, sai tunani. Cikin 'yan watanni aka fara raba musu allura da zare da ƙyalle, suka soma sashiko tare, ana sayar da abin da suka ɗinka. Suka sami ɗan abin kashewa, suka kuma sami dalilin fitowa su zauna da juna.

Da Auta ta gama bayani ba wadda ta kalli ƙarshen tabarma. Ɗiyar Gwaggo ce da kanta ta ɗago, ta ce, "Ashe su ma ruwa ya kore su." Ta mayar da kai kan hularta. A makon da ya biyo baya Amarya ta zo da guntayen shuɗin yadi daga wajen tela, aka gwada. Yanzu in kin shiga ɗakin Gwaggo za ki ga rigar filo shuɗiya, an bi gefenta da farin zare irin na Japan, an sa dagi a tsakiya.

Hula biyu kafin Sallah

Ƙawance ba a sanin ƙarfinsa sai an ja shi. A azumin da ya wuce, Ɗiyar Gwaggo ta karɓi hula huɗu daga wajen wani dillali, ya ba ta rabin kuɗi, da sharaɗin ta kawo kafin ashirin da biyar ga wata don a samu a wanke a kai kasuwar Sallah. Ta gama biyu, ta fara ta uku, sai ƙaramin ɗanta ya kwanta da zazzaɓi mai tsanani, aka ba su gado a asibiti. Kwana tara tana jinya. Kuɗin da ta karɓa ya tafi a magani. Dillalin ya aiko cewa in ba ta cika alkawari ba zai karɓe kayansa, ta biya kuɗin zare, kuma kada ta sake sa ran aiki daga wajensa. Ki tuna wannan mace ba ta da gona yanzu, ba ta da miji, hular nan ita ce hatsin gidanta.

Ki ce sai sauran su karɓa su gama mata, ai da sauƙi. To, ba haka ɗinki yake ba. Kowace mace da jan hannunta, wata na tsuke zare, wata na sassautawa. In mutum biyu suka raba hula gida biyu, idon dillali zai gane inda hannu ya canza tun daga nesa, ya karya farashi. Ga shi kuma kowace da nata aikin Sallar a gabanta, ga girkin buɗa-baki. Ƙari a kan haka, Maman 'Yan Biyu da Amarya, waɗanda suka fi kowa sauri, sun yi kusan wata ba sa ga-maciji saboda saɓani a kan wadda za ta ɗauki adashe kafin Sallah.

Gwaggo ta sa aka ɗauko hulunan ta shimfiɗa a cinya. Ta ƙirga launukan da suka rage. Sai ta ce ba za a raba hula ba, launi za a raba. Mace ɗaya ta ɗauki shuɗi ta bi shi duk inda yake a jikin hula daga farko har ƙarshe, wata ta ɗauki ruwan ƙasa, wata baƙi. Ta haka ko hannu ya bambanta, zai zama kamar da gangan aka yi. Ta dubi Maman 'Yan Biyu ta ce, "Ke ce shuɗi." Ta dubi Amarya ta ce, "Ke ce ruwan ƙasa, kuma naki na bin bayan nata, sai ta gama layi za ki ɗora."

Maman 'Yan Biyu ta ce, "Gwaggo, ni fa aikina ya sha kaina." Gwaggo ta ce, "Na sani. Ranar da kika haifi tagwaye wa ya gama maki zanen gadon mutane?" Ba ta ƙara magana ba, ta miƙa hannu ta karɓa.

Kwana shida hulunan nan suna yawo a lungu cikin baƙar leda, yara na kai su gida-gida. Wata ta yi nata bayan asuba, wata bayan tarawihi da fitilar waya. Tun da aikin Amarya na jiran na Maman 'Yan Biyu, dole saƙo ya riƙa zuwa yana dawowa. Ran farko ta bakin yara, ran na uku Amarya ta yafa gyale ta je da kanta, ta ce, "Yaya, nan wurin kin tsuke da yawa, allurata ba ta shiga." Suka zauna suka gyara tare. Ba wadda ta tayar da maganar adashe, daga baya Gwaggo ta raba kwasar biyu, kowace ta ɗauki rabi.

Ranar ashirin da huɗu ga wata aka kai hula huɗu cif. Dillalin ya juya su ya sake juyawa, ya biya cikon kuɗin. Da aka sallamo yaron, uwar ta zo da kuɗin a ƙulle a bakin zane ta ajiye gaban Gwaggo, ta ce a raba wa waɗanda suka yi aikin. Gwaggo ta ce ba a sayar da irin wannan. Da ta nace, sai aka cire zubi ɗaya aka sa ta cikin adashe, wanda a da take jin nauyin shiga, sauran aka mayar mata ta yi wa yara kayan Sallah.

Abin da ke barazana ga tabarmar

Kada in bar ki da zaton komai lafiya. Zare mai kyau daga waje ake shigo da shi, don haka duk lokacin da Naira ta faɗi sai ya tashi, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya ƙara tsada. Rufe iyakar Nijar a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 2023, ya taɓa cinikin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi. Ga keken surfani mai aiki da kwamfuta, wanda ke fitar da hula da yawa kafin mai allura ta gama ɗaya, kuma da araha. Ladan da ke isa hannun mace kaɗan ne in aka kwatanta da abin da mai saye ke biya a shago, domin tsakaninta da shi akwai mai ƙyalle da mai zane da dillali da mai wanki da mai rumfa. Sannan ga ido. Ɗinki a duhu na cin gani, ga ciwon wuya da baya. Gwaggo kanta yanzu sai an zura mata zare.

Duk da haka matan sun fara neman mafita daidai ƙarfinsu. Suna haɗa kuɗi su sayi zare da yawa a farashin sari. Auta na ɗaukar hoton abin da aka gama ta sa a WhatsApp, wani lokaci a sami mai saye kai tsaye daga Abuja ko Kaduna. Sun kuma sa wa kansu ƙa'idar ɗaga kai a huta da ido lokaci-lokaci, da barin aiki mai ƙananan ɗinki sai da hasken rana.

In kin tashi zuwa

Ki zo da rani ko bayan ƙaramar Sallah, lokacin da hannu ya ɗan sarara. Ki yi tafiyarki da rana, ki kuma tambayi mutanen gari halin da hanya ke ciki kafin ki nufi wajen Batsari ko Jibiya. Cikin gida ba a faɗa masa haka kawai, ki nemi 'yar gari ta yi miki jagora. Ki riƙa ɗan goro ko ƙullin zare a matsayin tsaraba. Kada ki ɗauki hoton kowa sai da izininta. In aka kawo miki fura ki sha, Katsinawa ba sa son baƙo mai fulako da abinci. In kuma kin ga hula ko zanen gado ya yi miki, ki saya daga hannun mai shi, kuma ki sassauta ciniki, ki tuna makonnin da ta yi a kai.

Da kin koma gida, ki duba lungunku. Wataƙila akwai tsohuwar da ta iya surfani ko kwarashi, ba mai tambayarta. Wataƙila akwai baƙuwar da rikici ya koro, tana zaune ita kaɗai a ɗakin haya. Abin da ake bukata tabarma ce da inuwa da rana biyu a mako, sai kuma ki sa 'yarki ta zauna kusa ta riƙa zura wa tsofaffi zare, daga nan hannunta zai faɗa.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.